Ƙungiyar tarihin gundumarmu a Ohio: kuɗin ya biya, amma ba mujallarsu ce ta biya shi ba

Kusan duk gundumar da mutum yake zaune a Amurka, akwai wani tsohon gida a tsakiyar babban garinta, da ɗan allo a gaba an rubuta ƙungiyar tarihi ta gunduma kaza. Yawancinmu muna wucewa ta gabansa a hanyar aiki, ba mu taɓa murɗa ƙofar ba. Ni dai na biya kuɗin zama mamba a tamu, a wata gunduma da ke yammacin Ohio. Na karɓi mujallarsu, na je tarukansu, na zauna a ɗakin bincikensu har bayana ya ƙage. Kuɗin ya biya har da riba, sai dai ɗaki ɗaya ne da wasu tsofaffi 'yan kaɗan suka biya shi. Sauran abubuwan akwai magana. Sunan gundumar na bar shi, tunda zan yi ƙorafi, kuma mutanen 'yan sa-kai ne, ba wanda yake cin komai a ciki.

Da farko a gane cewa wannan ba ofishin gwamnati ba ne. Jihar Ohio tana da gundumomi 88, kuma da wuya ka sami wadda ba ta da irin wannan ƙungiya, wasu ƙananan garuruwa ma suna da tasu daban. Rajistarsu ta ƙungiyoyin da ba sa neman riba ce. Abin da yake riƙe da su shi ne kuɗin mambobi, da gudummawa, da ɗan tallafin kwamishinonin gunduma, sai kuma wasiyyar wata tsohuwa da ta rasu ta bar musu gidanta da duk tarkacen da ke ciki. Al'adar ta daɗe. Ta farko a ƙasar a Massachusetts aka kafa ta a 1791, ta jihar Ohio kuma a 1885, ita ce yanzu ake kira Ohio History Connection a birnin Columbus. Amma kada wannan ya sa ka zaci wani babban abu za ka tarar. Tamu ma'aikaciya ɗaya ce take karɓar albashi, ita ma ba kullum take zuwa ba. Duk sauran masu ritaya ne.

Kuɗin iyali na shekara bai kai dala 40 ba. Da shi za ka shiga gidan adana kayan tarihi kyauta, ka yi amfani da ɗakin bincike ba tare da an caje ka ba, a yi maka ragi a fotokwafi, a aiko maka da mujalla, kana kuma da ƙuri'a a babban taron shekara. Abin da ya kai ni bai wuce aikin makaranta ba. Yaran aji huɗu na firamare a Ohio tarihin jiharsu suke karantawa, aka ce wa 'yata ta rubuta wani abu a kan unguwarsu, ta ce, "Abba, wa ya gina gidanmu?" Takardun da aka ba ni lokacin saye shekara kawai suka nuna, ba su ce komai game da mutanen ba.

Bari in fara da mujallar, don in huta da ita. Tana zuwa ta gidan waya sau huɗu a shekara, shafi takwas, an ninke ta gida uku an manne da ɗan salatif. Shafin farko kullum jawabin shugaba ne, kuma kullum da yanayi yake farawa: furanni sun fito, ganye ya zuba, ƙanƙara ta toshe hanyar shiga. Daga nan sai rufin gida. Ohio ta haifi shugabannin ƙasa 7, amma duk a haɗa su ba su sami shafin da rufin nan ya samu a mujallar ba. An tara kuɗin gefen gabas, yanzu gefen yamma ne yake zuba a kan akwatin rigunan amare. Ban ga laifinsu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai jerin waɗanda suka ba da gudummawa, sai ta'aziyyar mambobin da suka rasu, wadda a wasu fitowar ta fi jerin sabbin mambobi tsawo.

A matsayin mai kawo labari kuwa, mujallar ba ta da amfani. An sha sanar da lacca a cikinta ta iso akwatina bayan an yi an watse. Wanda yake son sanin abin da za a yi gobe, shafinsu na Facebook zai duba. Nan ne ma ake da rai: su sa wani tsohon hoto da ba su san mutanen ciki ba, kafin dare wata ta rubuto daga Florida cewa na biyu daga hagu kakanta ne, shagon da ke bayansu kuma na mai gyaran takalma ne.

Fili ɗaya nake jira a mujallar, wanda suke tsakuro labarai daga jaridar garin ta shekara 100 da ta wuce. Jaridun ƙananan garuruwa na wancan lokaci ba su bar komai ba. Wance ta kai wa 'yar'uwarta ziyara ta kwana biyu. Dokin wane ya firgita da ƙarar mota ya zubar da madara a gaban kotu. An kama wani da tukunyar dafa giya a rumbun masara, domin daga 1920 zuwa 1933 haramun ne sayar da giya a duk faɗin ƙasar. Daɗin karantawa kam akwai. Sai da na fara duba ainihin jaridun da kaina na ga cewa mai tsakurowar yana da zaɓi. A shekarun 1920 Ohio tana cikin jihohin da ƙungiyar Ku Klux Klan, ta fararen fata masu ƙin baƙar fata da ke fita cikin fararen riguna, ta fi yawan mabiya, kuma jaridar garinmu tana buga labarin jerin gwanonsu a shafin farko, kusa da labarin dokin da madarar. Dokin yakan shiga mujalla. Masu fararen rigunan ban taɓa ganin sun shiga ba.

Yanzu ga inda kuɗina ya dawo. Ɗakin binciken yana bene, a wani tsohon ɗakin kwana. Jaka da biro a waje ake bari, fensir kawai ake shiga da shi. Mutum biyu ne suke riƙe da wurin: wata tsohuwar malamar makaranta, da wani dattijo da ya yi aikin awon filaye na gunduma har ya yi ritaya. Ita "samari" take ce mini duk da furfurar da ke gemuna, ni kuma in ce mata Madam. Ba ta tambaye ni daga ina nake ba, adireshin gidan kawai ta tambaya, ta ce in zauna.

Abin da ta fara koya mini shi ne tarihin gida daga baya ake bin sa. Ana farawa da takardar mallakarka, a ga wa ya sayar maka, shi kuma wa ya sayar masa, a yi ta komawa har a kai lokacin da wurin yake gona. Asalin waɗannan takardu a ofishin rajistar filaye na gunduma suke, amma ƙungiyar tana da kwafin manyan littattafan jerin masu saye da masu sayarwa, kuma dattijon ya san inda magatakardan da suka yi rubutun suka saba ɓata sunaye. Daga nan sai littattafan adireshi na gari, waɗanda ake bugawa kafin zamanin littafin lambobin tarho. Suna ba da sunan maigida, da na matarsa, da sana'arsa, a baya kuma an jera tituna gida-gida. In ka jera na shekaru a kan tebur, sai ka ga unguwa tana cika a gabanka, fili ya zama gida, mai haya ya zama mai gida.

Sai ƙidayar jama'a. Amurka tana yin ta duk shekara 10 tun 1790, kuma sai bayan shekara 72 ake buɗe takardun da ke ɗauke da sunaye. Shi ya sa na 1950 sai a Afrilun 2022 suka fito, na 1960 kuwa sai 2032. Na 1890 kada ka wahalar da kanka, gobarar da ta tashi a ginin Ma'aikatar Ciniki a Washington a 1921 ta lalata kusan dukkansu. Na 1930 ne ya ba mu mutanenmu. Maigidan haihuwar Hangari ne, yana aiki a masana'antar narka ƙarfe, da matarsa, da 'ya'ya, da wasu maza biyu 'yan haya, duk a gidan da mu muke kukan ya yi mana kaɗan. A wannan ƙidaya an tambayi ko akwai rediyo a gida, in akwai sai a sa harafin R. Gurbin nasu babu komai. 'Yata ta fi minti nawa tana kallon wannan gurbi, daga baya shi ta sa a farkon aikinta. Ana iya samun waɗannan takardu kyauta daga gida a shafin intanet na binciken asalin dangi mai suna FamilySearch, wannan gaskiya ne. Amma mai ƙidayar ya rubuta sunan mutumin yadda kunnensa ya ji, ba yadda yake a takardar gida ba, kuma Madam ce ta ce mu bar neman suna mu bi titi. Kwamfuta ba za ta gaya maka haka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne taswirar Sanborn. Daga shekarun 1860 wannan kamfani ya riƙa zana garuruwan Amurka gini-gini saboda kamfanonin inshorar gobara su san abin da za su ɗauki nauyi. Littafin ƙato ne, sai da dattijon ya sa hannu biyu ya sauke shi. Kowane gini da launinsa: ruwan hoda na jan bulo, rawaya na katako, shuɗi na dutse. An nuna hawa nawa ne, ina baranda, ina famfon kashe gobara mafi kusa. In an yi sabon gini ba sa sake buga littafin, sai su aiko da ɗan yanki a manna a kan tsohon zanen. Ka shafa shafin da yatsa sai ka ji tudu-tudu, kowane tudu wani sauyi ne da aka yi a titin. Gidana rawaya ne, hawa biyu. A can ƙarshen fili akwai wani ƙaramin akwati da babu shi yanzu, dattijon ya ce bargar doki ce da aka mai da garejin mota daga baya. A nan na gane dalilin da shebur yake cin karo da bulo duk lokacin da uwargida ta so shuka tumatir a wannan kusurwa. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa dubban waɗannan taswirori a intanet, amma a allo ba ka jin tudun.

Na'urar karanta tsofaffin jaridu ita ce abin kuka. Jaridun an ɗauke su a kan naɗin fim, kana zura shi a na'ura kana juya hannu kamar mai ɗinki da tsohon keken hannu, shafuka suna gudu a allo har kanka ya fara juyawa. Guda ɗaya ce, fitilarta tana yin zafi ta mutu, sai a jira ta huce. Babu jerin abin da ke cikin jaridun sai wani akwatin katunan da wata mamba ta rubuta da hannu, na aure da mutuwa kawai. In ba ka da kwanan wata, ka shirya karanta shekara guda sukutum.

A cikin bin takardun mallaka ne muka kai ga takardar da aka yanka filayen unguwar da ita, ta shekarun 1920. Sharuɗɗa ne a jere: nisan gida daga titi, mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe a gini, ba a kiwon alade. Sai wani sharaɗi a tsakiya, da irin rubutun sauran, cewa ba za a sayar ko a ba da hayar wani fili ga wanda ba farar fata ba, kuma ba zai zauna a ciki ba sai in bara ne a gidan. Madam ba ta yi saurin juya shafin ba. Ta sa yatsa a kan layin, ta karanta mini da ƙarfi, ta cire tabarau ta ce, "Samari, irin wannan sun fi yadda kake zato yawa a garin nan. Ka ɗauki kwafi." Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, cewa kotuna ba za su tilasta bin irin wannan sharaɗi ba, dokar adalci a gidaje ta 1968 kuma ta haramta shi ɗungurungum. To amma rubutun yana nan a littafin gunduma, a kan filin da nake biya wa haraji.

Na yaba mata ƙwarai, kuma wannan ne ya sa nake ganin darajar ɗakin nan. A bene ba a ɓoye komai. Duk abin da ka tambaya za a sauko maka da shi, mai daɗi da mai ɗaci. Matsalar ita ce abin da ake saukowa da shi ƙasa a nuna wa jama'a. A babban taron shekara na tambayi shugaban ko za su yi rubutu a mujalla a kan waɗannan sharuɗɗa, tunda takardun suna hannunsu, kuma rabin mambobin a irin waɗannan unguwanni suka tashi. Ya amsa cikin ladabi cewa shawara ce mai kyau, za a kai ta kwamiti, amma ba sa son tayar da abin da ya kwanta. Sunan dangin da suka yanka filayen yana cikin jerin masu gudummawa a shafi na bakwai. Har yau kwamitin yana nazari.

Gidan adana kayan, wato hawan ƙasa, shi ne irin wanda in ka ga ɗaya ka ga ɗari. Falo da piyano, rigar amarya a jikin gunki, tukunyar kaɗa man shanu, kayan aikin wani likita masu ban tsoro, takobin wani hafsa daga yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, wanda Ohio ta tura maza sama da 300,000. Komai a share yake tsaf, bayanan kuma da tsohon keken rubutu aka buga su. Yara suna son wurin, musamman da ake barin su su gwada rubutu da alƙalamin tsoma a tawada. Amma kusan kowane kati abu ɗaya yake faɗa: wane ne ya ba da kyautar kayan. Akwai wani allo da aka manna kawunan kibiyoyin dutse aka jera su siffar tauraro, katin ya ba da sunan manomin da ya tsinto su a gonarsa, shi ke nan. Ba a ce uffan a kan masu kibiyoyin ba. Ba a ambaci yarjejeniyar Greenville ta 1795 ba, wadda ta karɓe mafi yawan ƙasar Ohio daga hannun 'yan asalinta bayan yaƙin Fallen Timbers, ba a kuma ce an kwashe Wyandot, ƙabila ta ƙarshe da ta rage, daga Upper Sandusky zuwa Kansas a 1843 ba. Wannan a jihar da UNESCO ta sa manyan tudun ƙasa da mutanen Hopewell, 'yan asalin yankin na zamanin da, suka gina cikin kayan tarihin duniya a 2023. Sabon kati ɗaya zai gyara wannan, kuma ba ya bukatar kuɗin rufi.

A kan teburin falon akwai wani ƙaton littafin tarihin gunduma na shekarun 1880, mai bango na fata, wanda masu zagayawa da baƙi suke jawo hujja daga ciki kamar ba a ja da shi. Dattijon awon filaye ne ya ja ni gefe ya bayyana mini yadda aka yi irin waɗannan littattafai: kamfanoni ne suke bi gari-gari, duk wanda ya biya sai a sa tarihinsa, in ya ƙara kuɗi a sa hotonsa da na gonarsa. Shi ya sa kowa a ciki mai gaskiya ne, mai ƙwazo, ginshiƙin coci. Wanda ba shi da kuɗi bai shiga tarihi ba.

Haka ma labarin ramin ɓoye bayi. Mai zagayawa da mu ya nuna wata ƙofa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya ce ana jin nan ake ɓoye bayin da suka tsero daga Kudu kan hanyarsu ta zuwa Kanada. Takardun da ke bene sun nuna an gina gidan bayan an soke bauta a 1865. Ɗakin ajiye dankali ne. Abin haushin shi ne Ohio ba ta bukatar ƙage a wannan fanni. Gidan John Rankin, malamin cocin da yake ɓoye bayin da suka tsero, yana nan a kan tudu a Ripley yana kallon kogin Ohio, gidan John Parker ma yana nan a garin, wanda shi kansa bawa ne da ya fanshi kansa, yana haye kogin da dare yana ɗauko mutane. Kuma jihar da ta hana bauta ita ce a 1807 ta ce baƙar fata ba zai zauna a cikinta ba sai an tsaya masa da dala 500. Wannan ya fi labarin rami ban mamaki nesa ba kusa ba.

Laccocinsu na wata-wata ba su da tabbas, wata ka ƙaru, wata ka yi ta duba agogo. Wadda ta fi kowacce ita ce ta ambaliyar watan Maris na 1913, da ta kashe mutum sama da 400 a Ohio, ta nutsar da tsakiyar Dayton, ta kuma sa aka gina madatsu biyar a kwarin kogin Miami, irin waɗanda suke zama a bushe sai ruwa ya yi yawa su tare shi. Mai laccar ya yi ƙoƙari, amma abin da ya ɗaga daren shi ne wani mutum da ya tashi daga kujerun baya da wasiƙar kakarsa a cikin leda, ya karanta yadda suka kwana a saman rufi suna jin kukan dawakai a cikin ruwa. Nan take ma'aikaciyar ta roƙe shi kada ya kai wasiƙar a liƙe ta da roba mai zafi, domin hakan kashe takarda yake yi. Wata lacca mai amfani ita ce ta Rajistar Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1966 ta kafa. Mutane da yawa a ɗakin sun zaci in an sa gida a ciki ba za ka iya ko sauya taga ba. Ba haka ba ne, mai gida da kuɗin aljihunsa yana iya gyarawa, har ma ya rushe, sai in dokar garinsa ce ta hana.

Ayyukan maƙabarta iri biyu ne, kuma ra'ayina a kansu ya rabu. Kafin ranar tunawa da sojoji, Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu, sukan fita wankin duwatsun kaburbura. Wannan na je, zan kuma koma. Ruwa ne da buroshi mai laushi, da wani ruwan wanki na musamman da ake kira D/2. An hana bilic, an hana buroshin ƙarfe, an hana injin feshin ruwa, domin farin dutsen marmara yana zagwanyewa, rubutun ya tafi. Kana gogewa a hankali sai suna ya fito daga ƙarƙashin gansakuka, da shekaru, wani lokaci yara uku na gida ɗaya a wata guda. Dattijon ya sa na ƙwanƙwasa wani dogon allo mai ruwan toka, sai na ji yana amo. Ba dutse ba ne, tutiya ce aka zuba, cikinsa fanko, rubutunsa kuma raɗau kamar jiya aka yi. Na biyun shi ne zagayen dare na watan Oktoba, inda mambobi suke sa tufafin da, kowa ya tsaya a gefen wani kabari yana magana da bakin mamacin, ana dariya ana tafi. Shi ne ya fi kawo musu kuɗi, kuma ana cika. Ni raina bai kwanta da shi ba, ban kuma kai yara ba. Wanda ya tashi da ladabin ziyarar maƙabarta ya san abin da zai tarar kafin ya sayi tikiti.

Lokutan buɗewa an tsara su ne don masu ritaya. Rana biyu a mako, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, sai Asabar ɗaya a wata. Mai aikin safe ba shi da rabo, ni ma don ina aikin dare ne nake samu. A tsakiyar hunturu hawan ƙasa a rufe yake saboda tsadar ɗumama gidan. Babu lifta, matakalar kuma tsaye take, don haka mai keken guragu ba zai kai ɗakin da ya fi kowanne amfani ba, kodayake sukan sauko wa mutum da kwali in ya nema. Imel yana iya yin mako biyu ba amsa, waya ta fi. Abin da ya fi damuna shi ne jerin kayansu ba ya intanet, rabinsa ma ba ya kan takarda, yana cikin kan mutum biyun nan ne, kuma dukansu sun haura saba'in. Sun sayi sikana, tana nan a kusurwa an rufe ta da zane, ana jiran wani matashi da ya iya ta.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta shafe mu kai tsaye. Tarihin gundumar a wannan gida ya tsaya ne wajajen yaƙin Biyetnam. Babu komai a kan rufe masana'antar da mutumin Hangari ya yi wa aiki. Babu 'yan Meziko, babu Somaliyawa, babu 'yan Nepal da Butan, babu mu 'yan Afirka ta Yamma, alhali in ka shiga asibiti ko rumbunan ajiyar kaya na gefen babbar hanya mu za ka gani. Da ake shirin bikin cikar ƙasar shekara 250 da kafuwa, na 4 ga Yulin 2026, duk shawarwarin da na ji a taro ba su wuce amalanke da tufafin zamanin da ba. Na ɗauki takardar sanarwar sallar Idi ta farko da jama'armu suka yi a zauren da muke haya, da hotuna kaɗan bayan na nemi izinin waɗanda ke ciki, na kai wa Madam. Ta karɓa da murna ta gaske. Ta ba ni takardar kyauta na sa hannu, wadda take mai da kayan mallakar ƙungiya har abada, don haka kada ka kai abin da za ka so a dawo maka da shi. Ta rubuta lamba da fensir a baya, ta sa su a kwalin da ba ya cin takarda, ta ce in rubuta mata sunayen wurare da shekaru yadda ya kamata. Ta ce ba wanda ya taɓa kawo musu irin wannan. Ita kuma ƙungiyar ba ta taɓa zuwa ta nema ba.

Wa ya kamata ya biya? Wanda ya sayi tsohon gida, da wanda yaransa suke aji huɗu, da wanda yake son sanin dalilin da unguwannin garinsa suka rabu yadda suka rabu. Wanda mujalla kawai yake so, ya bi su a Facebook ya riƙe kuɗinsa. In za ka je, ka fara buga waya ka tabbatar masu binciken suna nan ranar, domin in ba su nan ɗakin kwalaye ne kawai. Ka shiga shafin mai binciken kuɗi na gundumarka ka kwafo lambar filinka da sunan unguwar kamar yadda yake a rajista, zai rage maka rabin aikin. Ka tafi da fensir, da rigar sanyi ko da rani ne, da tsabar kuɗi ko caki saboda fotokwafi, don har yanzu ba sa karɓar kati.